Abul Ƙasim Az-Zahrawi: Likitan Ƙurɗuba da Ya Gabatar da Ilimi a Kan Aska

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, manyan kwalejojin likitocin tiyata na ƙasashen da da yawa daga cikinmu suke zaune suna da wata kyakkyawar al'ada: kowace takan keɓe gida na adana tarihin sana'arta. A Landan akwai gidan tarihi na Hunterian a cikin kwalejin likitocin tiyata ta Ingila, wanda aka gina a kan kayan da likita John Hunter ya tara kafin rasuwarsa a 1793. A Edinbara akwai irinsa a kwalejin da tarihinta ya faro tun 1505. A Shikago ta Amurka kuma akwai wanda likita Max Thorek ya kafa a 1954, inda aka haɗa tsofaffin kayan aiki da zane-zane da mutum-mutumin mashahuran likitoci. Wanda ya shiga irin waɗannan gidaje zai ga zarto na yanke ƙashi, da asake, da allurai, da hotunan majinyata a hannun masu fiɗa tun kafin a san maganin gusar da zafi.

Zai kuma koyi wani abu da zai ba Bahaushe mamaki, wato cewa likitocin tiyatar Birtaniya daga wanzamai suka samo asali. Waɗanda aka ba izinin kafa ƙungiya a Edinbara a 1505 wanzamai ne masu aski da fiɗa. A Landan ma Sarki Henry na Takwas ya haɗe wanzamai da masu fiɗa a ƙungiya guda a 1540, ba su kuma rabu ba sai a 1745. Abin da ya ɗaga wannan sana'a daga aski da tsaga zuwa ilimin da ake karantawa a jami'a shi ne littattafai, kuma ɗaya daga cikin mafiya tasiri a cikinsu wani Musulmi ne ya rubuta shi a Andalus shekara dubu da suka wuce. Shi ne Abul Ƙasim Khalaf ɗan Abbas Az-Zahrawi, wanda Turawa suke kira Albucasis.

Na zaɓi in kawo tarihinsa ne saboda akwatin gilashi ƙarfe kawai yake iya nunawa, ba ya nuna zuciyar wanda ya riƙe ƙarfen. Mu Musulmi mukan yi alfahari da yawan kayan aikin da Az-Zahrawi ya zana. A ganina babban gadonsa shi ne yadda ya ɗauki jikin majinyaci amana, ya ƙi yarda aska ta riga ilimi.

Ƙurɗuba a zamaninsa

Masu tarihi suna sanya haihuwarsa a wajajen shekarar 936 miladiyya. Laƙabinsa ya fito ne daga Madinatuz Zahra, birnin fada da Halifa Abdurrahman na Uku ya soma ginawa a daidai wannan lokaci, kimanin kilomita 8 yamma da Ƙurɗuba, a kudancin Sifaniya ta yau. Ana kuma yi masa laƙabi da Al-Ansari, abin da yake danganta zuriyarsa da mutanen Madina.

Andalus ba baƙuwa ba ce ga wanda ya yi karatun zaure a ƙasar Hausa, ko da bai taɓa lura ba. Mazhabarsu ta Malikiyya ce irin tamu. Alfazazi mai Ishiriniya haifaffen Ƙurɗuba ne, Ibnu Malik mai Alfiyya kuma ɗan garin Jayyan ne. Daga ƙasar da ta ba mu waɗannan malamai Az-Zahrawi ya fito, sai dai shi fanninsa jikin ɗan Adam ne.

Ya tashi a lokacin da Ƙurɗuba take kan ganiyarta. Abdurrahman ya ayyana kansa halifa a 929. Ɗansa Alhakam na Biyu, wanda ya yi mulki daga 961 zuwa 976, mutum ne mai tsananin son littattafai, yana aika wakilai har Bagadaza da Alƙahira su sayo masa. A zamanin uban ne sarkin Rumawa na Ƙusɗanɗiniya ya aiko da kyautar littafin Diyoskoridis a kan itatuwan magani da harshen Girkanci, daga baya ya aiko da wani malamin Kirista mai suna Nikola domin ya taimaka a gane sunayen itatuwan. Cikin waɗanda suka zauna da shi a kan wannan aiki har da Hasdai ɗan Shafrut, Bayahude likitan fada. A cikin irin wannan gari Az-Zahrawi ya yi karatu ya kuma yi aiki, ana kuma ruwaito cewa ya yi wa Alhakam hidima a matsayin likita.

Marubutan zamaninsa ba su tsawaita a kan rayuwarsa ba. Ibnu Hazm, wanda shi ma ɗan Ƙurɗuba ne, ya ambace shi cikin fitattun likitocin Andalus ya yabi littafinsa, almajirinsa Alhumaidi kuma ya rubuta taƙaitaccen tarihinsa. Saboda haka wanda yake son sanin halin mutumin sai ya neme shi a cikin littafinsa, kuma a can ya bayyana sarai, domin marubuci ne mai yawan ba da labarin abin da ya gani da idonsa.

Littafin At-Tasrif

Ya kammala littafinsa a wajajen shekarar 1000, bayan kusan shekara hamsin yana duba marasa lafiya. Sunan littafin At-Tasrif liman ajiza anit ta'alif, manufarsa kuwa ya zama abin dogaro ga wanda ba shi da halin tattara ilimin likitanci daga littattafai barkatai. Ya kasa shi maƙala 30. Ta farko ta ƙunshi tushen ilimin, ta biyu ta bi cututtuka daga kai har ƙafa da alamominsu da magungunansu, mafi yawan sauran kuma a kan haɗa magunguna ne da abincin majinyata. Maƙala ta 28 ta yi bayanin yadda ake sarrafa magani daga ma'adinai da tsirrai da dabbobi.

A maƙala ta biyu ya ba da labarin wani ƙauye inda maza suke mutuwa saboda zubar jini daga ɗan ƙaramin rauni. Masana tarihin likitanci suna lissafa wannan cikin bayanai na farko a kan cutar rashin daskarewar jini da ake gado.

Maƙala ta 30 ita ce ta ɗaukaka sunansa. Ita ce ta aikin hannu, wato tiyata, kuma ya raba ta babi uku. Na farko yana da fasali 56 a kan lalas, wato ƙona wurin ciwo da ƙarfe mai zafi ko da magani mai ci. Na biyu yana da fasali 97 a kan tsaga da huda da fitar da jini da ɗinkin rauni da cire kibiya da haihuwa mai gardama. Na uku yana da fasali 35 a kan karaya da gocewar ƙashi. Ya ɗauki abubuwa da dama daga magabata, musamman Bulus na Ijina, likitan Rumawa na ƙarni na 7, da kuma Jalinus. Amma ya auna maganarsu da abin da hannunsa ya taɓa, ya karɓi wasu ya gyara wasu.

Labarai huɗu a bakin ƙofa

Gabatarwar wannan maƙala ita ce wurin da na fi so mai karatu ya tsaya. Az-Zahrawi yana magana da almajiransa ne yana kiransu 'ya'yansa. Ya koka cewa aikin tiyata ya kusa ɓacewa a ƙasarsa da zamaninsa, ba abin da ya saura sai ɓurɓushi a cikin littattafan magabata, su ma masu kwafa sun cika su da kurakurai. Ya ce dalilin rashin ƙwararru shi ne hanyar tana da tsawo: dole mai son riƙe aska ya fara sanin ƙirar jiki, ya san gaɓoɓi da ƙasusuwa da jijiyoyi, ya san inda kowace jijiyar jini ta taso da inda ta nufa. Wanda bai san wannan ba zai kashe mutane. Sai ya kafa hujja da abubuwa huɗu da ya shaida.

Na farko wani likita ne jahili da ya tsaga kumburi a wuyan wata mace, ya yanke jijiyar jini, jini ya yi ta zuba har ta mutu a hannunsa. Na biyu wani ne da ya yi karambanin cire babbar tsakuwa daga mafitsarar wani tsoho, ya fizgo ta tare da wani yanki na mafitsarar, tsohon ya rasu bayan kamar kwana uku. An riga an kira Az-Zahrawi a kan wannan tsoho, ya duba girman tsakuwar da raunin mutumin ya gane ba zai tsira daga aikin ba. Na huɗu wani ne da ya tsaga kumburin ciwon daji, wurin ya zama gyambo, wahalar mai shi ta ƙaru.

Na uku na bar shi a ƙarshe domin shi ya fi kusa da gida. Wani likita ne da yake karɓar albashi daga wani babban hafsa. Wani yaron hafsan, baƙar fata, ya karye a ƙafa kusa da diddige, ga kuma rauni a wurin. Likitan ya ɗaure karayar tamau a kan raunin da tsummoki da karare, bai bar wa raunin wurin shan iska ba, ya sallami yaron ya hana a kwance ɗaurin. Ƙafa ta kumbura, yaro ya kusa halaka. Da aka kira Az-Zahrawi ya yi maza ya kwance ɗaurin, zafin ya ragu, amma ruɓa ta riga ta kama ƙafar. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa bai iya tsayar da ita ba, ta ci gaba da ci har yaron ya rasu.

Mutumin da zai rubuta fasali 188 a kan yadda ake yanka da ƙonawa da ɗori, ya fara da gawarwakin waɗanda aka yi wa aiki ba da sani ba. Daga nan ya raba ayyukan tiyata gida biyu, wanda galibi ake samun lafiya a cikinsa da wanda galibi halaka ke biyo bayansa. Ya gargaɗi almajiransa su guji na biyun, su yi aiki da natsuwa da tausayi, kada kwaɗayin abin duniya ya ja su ga abin da zai zubar musu da mutunci a nan ya kuma cutar da su a lahira.

Ƙarfe da hannun da ya riƙe shi

A cikin wannan maƙala ya zana kayan aiki kimanin 200, kowanne a kusa da bayanin aikin da ake yi da shi, domin almajiri ya kai wa maƙeri ya ƙera masa. Wannan tsari na haɗa zane da bayani shi ya bambanta littafin da na magabatansa. Akwai asake iri-iri, da ƙugiyoyi na ɗaga fata, da almakashi, da awartaki na cire haƙori da saiwarsa, da abin danne harshe idan za a duba maƙogwaro, da zartuna na ƙashi, da wani bututu mai turawa na zuba magani a mafitsara wanda yake kakan sirinjin yau. Akwai siririn ƙarfe mai tsini da ake murzawa a huda tsakuwar da ta toshe hanyar fitsari har ta farfashe.

Ko a zaɓen ƙarfe yana bin abin da ya gwada. Magabata sun fifita zinariya wajen lalas. Shi ya fifita baƙin ƙarfe, saboda launinsa yana nuna iyakar zafinsa, ita kuwa zinariya ba a gane zafinta da ido, tana saurin hucewa, in an matsa mata wuta kuma ta narke. Amma wajen ɗaure haƙoran da suke girgiɗa ya fifita zaren zinariya a kan na azurfa, domin azurfa takan canza launi ta lalace a baki. Ya zana ƙarafa na kankare dattin da yake daskarewa a gindin haƙori, ya kuma yi bayanin sassaƙa haƙori daga ƙashin sa a maye gurbin wanda ya faɗi.

Game da zubar jini daga babbar jijiya, ya koyar da cewa likita ya fara danne bakin jijiyar da yatsa, sa'an nan ya tsayar da jinin ta ɗayan hanyoyi huɗu: lalas, ko yanke jijiyar gaba ɗaya domin bakunanta su tsuke, ko ɗaure ta da zare, ko sanya magani mai tsayar da jini a ɗaure. Ɗaure jijiya da zare shi ne abin da likitan Faransa Ambroise Paré ya shahara da shi a ƙarni na 16, fiye da shekara 500 bayan Az-Zahrawi ya rubuta shi. Wajen ɗinke hanjin da ya tsage ya ambaci siririn zare da ake cirowa daga hanjin dabba, irin zaren da likitoci suka ci gaba da amfani da shi har zamaninmu saboda jiki yana narkar da shi. Ya kuma kawo wata dabara da ya ji daga wasu, ta sa manyan tururuwa su ciji bakin raunin sa'an nan a yanke jikinsu a bar kawunan suna riƙe da shi.

A tuna cewa duk wannan ya faru ne kafin a sami maganin sa barci na zamani, wanda aka nuna a Boston a 1846, kafin kuma Joseph Lister ya bayyana hanyar kashe ƙwayoyin cuta a rauni a 1867. Majinyacinsa a farke yake, mataimaka suna riƙe da shi, kuma ko an gama aiki lafiya rauni yana iya ruɓewa. Wanda ya san haka zai gane dalilin yawan taka-tsantsan ɗinsa.

Inda ya janye hannu

Hausawa suna cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma littafin cike yake da wuraren da Az-Zahrawi ya ƙi tashi. A kan ciwon daji ya ce in yana farkonsa kuma a wurin da za a iya cire shi dukansa, kamar nono ko cinya, to a cire. In ya tsufa ya yi girma a bar shi, domin shi bai taɓa warkar da irinsa ba, bai kuma ga wanda ya warkar ba. A kan jariran da ruwa yake taruwa a kansu ya kawo yadda magabata suka ce a yi, amma ya faɗa cewa waɗanda ya gani da wannan cuta mutuwa suka yi da sauri, shi ya sa ya gwammace barin aikin.

Bai ɓoye lokacin da hukuncinsa bai dace ba. Ya ba da labarin wani mutum da ƙafarsa ta soma baƙi tana ruɓewa, mutumin ya yanke ta da kansa daga gaɓa ya warke. Bayan wani lokaci cutar ta ɓullo a yatsan hannunsa, ya zo wurin Az-Zahrawi. Ya gwada magunguna ba su yi ba, mutumin ya roƙe shi ya yanke hannun, shi kuwa ya ƙi saboda yana tsoron kada ya mutu, ganin ƙarfinsa ya ragu. Mutumin ya koma garinsu ya yanke hannun da kansa, ya kuma warke. Babu abin da ya tilasta wa babban likita rubuta wannan labari a littafin da almajiransa za su karanta, in ban da son su amfana da abin da ya kuɓuce masa.

Haka kuma yakan ciro ilimi daga abin da ya faɗo masa ba shiri. An kira shi a kan wata kuyanga da ta yanki maƙogwaronta da wuƙa. Ya tarar iska tana fita ta raunin amma manyan jijiyoyin jini ba su yanke ba. Ya ɗinke, ta warke, ba abin da ya saura sai 'yar dushewar murya. Daga nan ya yanke hukuncin cewa tsaga maƙogwaro domin a buɗe wa mai shaƙewa hanyar numfashi ba shi da haɗarin da ake tsoro, ko da yake ya faɗa cewa bai ga wanda ya yi aikin a ƙasarsa ba. Wata mace kuma ta zo da kumburi a cibiya yana fitar da mugunya bayan cikinta ya lalace da daɗewa. Ya bi wurin a hankali yana ciro ƙananan ƙasusuwa, har ya gane na ɗan tayi ne. Likitoci suna kallon wannan a matsayin ɗaya daga cikin bayanai na farko a kan cikin da ya zauna a wajen mahaifa.

Yara da mata da waɗanda ba Musulmi ba

Fasalinsa na kaciya yana nuna taushin zuciyarsa. Ya lura cewa likitocin Girka ba su rubuta komai a kanta ba tunda ba ta cikin addininsu, saboda haka abin da ya kawo daga gwaji ya same shi. Ya duba hanyoyin da masu kaciya suke bi ya nuna aibin kowace, ya zaɓi ɗaurewa da zare da yankewa da almakashi. Ya kuma ce a kwantar wa yaro da hankali, a faranta masa, a ɓoye almakashin a hannun riga kada idonsa ya faɗa kansa.

A kan cire beli ya sa sharuɗɗa. Sai an gwada magani bai yi ba, kumburin ya sauka, belin ya zama siriri dogo. In ya yi jajir ko ya yi baƙi kada a taɓa shi, domin akwai haɗari. In za a yanke kuma, abin da ya ƙaru a kan halitta kaɗai za a cire, saboda wuce haka yana ɓata murya.

Game da mata, ya rubuta fasali yana koyar da ungozomomi yadda za su yi da haihuwa mai gardama. Da ya zo kan cire tsakuwa daga mafitsarar mace sai ya bayyana wata matsala da har yau ba ta bar mu ba: mace mai kamun kai ba ta son buɗe jikinta ga likita namiji, macen da ta ƙware a aikin hannu kuwa da wuya a same ta. Ya ba da shawarar a nemi likita mace, in ba a samu ba a zo da ungozoma ta yi aikin bisa umarnin likita.

A fasalin cire kibiya ya jero waɗanda ya yi wa aiki, a cikinsu akwai Bayahude da kibiya ta shige masa a ƙarƙashin ido, da Kirista da ta same shi a maƙogwaro, da wani hafsan sarki da ta nutse masa a hanci har aka shafe watanni kafin ya samu ya ciro ta. Dukansu ya ba da labarinsu da murya ɗaya, kuma dukansu sun warke.

Ƙarshensa da tafiyar littafinsa

Ƙarshen rayuwarsa ya zo daidai da rushewar duniyar da ya sani. Fitina ta ɓarke a Ƙurɗuba a 1009, aka washe Madinatuz Zahra a 1010, shi kuma ya rasu a wajajen 1013. Halifancin kansa ya ƙare a 1031. Birnin da aka yi masa laƙabi da shi ya zama kufai, aka yi ta kwasar duwatsunsa ana gini a wasu wurare, sai a 1911 aka soma tono shi. A 2018 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Fada ta rushe, littafi ya rayu. A ƙarni na 12 Jirad na Kiremona ya fassara maƙalar tiyata zuwa Latin a garin Toledo, daga nan ta shiga hannun malaman tiyata na Italiya da Faransa. Guy de Chauliac, wanda ya kammala babban littafinsa na tiyata a 1363, ya ambaci Az-Zahrawi wajen sau 200. An buga fassarar maƙala ta 28 a Benis a 1471, tun ɗab'i yana jariri. A ƙasar Turkiyya likita Sharafuddin Sabuncuoglu na garin Amasya ya gina littafinsa na 1465 a kanta, ya ƙara hotunan likitoci suna aiki, har da mata. An buga matanin Larabci tare da Latin a Oksfod a 1778, Lucien Leclerc ya fitar da fassarar Faransanci a 1861, Spink da Lewis kuma suka fitar da ta Ingilishi a 1973. Yau akwai titi mai sunansa a Ƙurɗuba, kuma a gidan tarihin kimiyyar Musulunci da Farfesa Fuat Sezgin ya assasa a Istanbul a 2008 an ƙera kwafin kayan aikinsa bisa zanen da ya bari.

Abin da ya rage a wuyanmu

Ina roƙon mai karatu ya sake duba labarin yaron nan da aka ɗaure wa ƙafa. Likitocin ƙashi a asibitocin Najeriya sun daɗe suna kokawa a kan yara da ake kawo musu hannu ko ƙafa ta ruɓe saboda ɗaurin da ya yi tsanani, har sai an yanke. Haka ake kai jarirai asibiti jini yana zuba bayan cire beli. Ba na raina maɗora da wanzamai. Sun yi wa al'umma hidima tun babu asibiti, kuma wanzaman Edinbara ma daga nan suka fara. Abin da ya kai waɗancan inda suke yau shi ne sun yarda a karantar da su ƙirar jiki, a jarraba su, a hana wanda bai iya ba. Wannan shi ne sharaɗin da Az-Zahrawi ya gindaya, kuma ya dace da abin da aka ruwaito daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, alhakin ɓarnar yana kansa.

Mu da muke waje muna da hannu a cikin wannan, domin sau da yawa mu ake bugo wa waya idan yaro ya faɗo daga bishiya ko babur ya kaɗe wani, mu ne kuma muke aika kuɗin magani. Wanda yake biya ana jin maganarsa. Mu nace a ɗauki hoton ƙashi kafin a ɗora. Mu sanar da na gida cewa yatsun da suka kumbura, ko suka yi sanyi, ko suka canza launi, ko suka daina ji bayan ɗori, alama ce ta a kwance a garzaya asibiti a wannan sa'a, ba gobe ba.

Sa'an nan kukan da ya yi na rashin likitoci mata yana jiran amsa daga gidajenmu. Imam Algazali ya lissafa likitanci cikin farillan da in wasu ba su ɗauke ba al'umma duka take da laifi. 'Ya'yanmu mata da suke makarantun ƙasashen nan suna da damar da kakanninsu ba su samu ba, kuma wanda ya tsaya wa 'yarsa har ta zama likitar tiyata ya share wa dubban mata hawaye. 'Yan'uwanmu da suke aiki a asibitoci kuma, likitoci da ma'aikatan jinya da masu kula da tsofaffi, suna da abin koyi a wurin mutumin da ya rubuta gazawarsa da hannunsa domin na baya su tsira daga irinta.

Allah ya jiƙan Abul Ƙasim Az-Zahrawi, ya saka masa da alheri gwargwadon waɗanda suka sami sauƙi ta dalilin iliminsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na waje, ya sanya albarka a hannun masu jinyarsu.